Yadda zaka dawo wa tsohuwar a-kori-kura da ƙarfinta har ka ƙara mata gudu

Ranar da na yarda motata ta gaji, ina tafe ne daga Lafiya da lodin doya, mun zo Hawan Kibo na sauko daga giya uku zuwa biyu, totur a ƙasa kamar zan huda bodin motar da ƙafa, amma ita sai kuka take ba tafiya, wata tirela da ta sha lodin siminti ta zo ta wuce ni yaron motar ya leƙo kai yana min dariya. Hilux ce ƙirar 1991 mai injin 22R, wajen kawuna na same ta. Da na iso Jos abinda na fara tambaya a gareji shine nawa ake sa turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Allah ya taimake ni wani dattijon bakanike da ke zaune kan tsohuwar taya yana shan shayi ya ce, "Yaro, dawakinka ba mutuwa suka yi ba, ɓata suka yi. Je ka nemo su tukuna kafin ka sayi sababbi."

To wannan maganar ita ce gaba ɗaya abinda zan shimfiɗa anan. Injin 22R cc 2,366 ne, silinda huɗu, bawul takwas, kuma lokacin da ya fito daga kamfani ƙarfinsa wajen doki 100 ne (da doki ake auna ƙarfin inji), ya ɗan haura ko ya ɗan gaza gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa motar. Bayan shekara talatin a hannun direbobi da makanikai iri-iri ba abin mamaki bane kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin nan ya zube a hanya, kuma dawo da shi ya fi arha nesa ba kusa ba akan duk wani ƙarfen da zaka sayo ka ɗaura. Da 22R zan riƙa misali saboda shi na sani ciki da bai, amma mai injin Toyota 3Y ko 4Y, ko mai fijo 504 fikof irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, tsarin ɗaya ne, lambobin ne kawai zai nema na injinsa.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, auna motar

Mutane basa yin wannan shi yasa bakanike ke iya cewa "ai ta canza Alhaji" kai kuma ka yarda saboda ka biya kuɗi. Ka samu wani hawa da ka saba bi, ka zaɓi alama a ƙasa da alama a sama, bishiya ko allon talla, ka shiga da gudu ɗaya a giya ɗaya da lodi iri ɗaya, wanda ke gefenka ya danna agogon waya. Rubuta. Sannan ka cika tanki, ka yi tafiyarka, ka sake cikawa ka raba kilomita da lita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk gyaran da zai ƙara ƙarfi ya ninka shan mai ba gyara bane, asara ce. Gudun kuma da GPS na waya zaka duba ba da allurar dashbod ba, zan faɗi dalili in mun zo kan taya.

Mataki na farko: gwajin kwamfureshan

Kwamfureshan shine ƙarfin matse iska da fistin ke yi a cikin silinda, shi zai gaya maka ko injin yana da sauran numfashi. Ana yi da wani geji da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Inji ya yi zafi tukuna, a kwance fulogi duka huɗun, a cire wayar koyil don kar wuta ta yi tsalle, wani ya take totur har ƙasa ya yi ta ba da sitata har allurar ta daina hawa. A littafin 22R lafiyayye yana ba da wajen psi 171 (psi ma'aunin matsin iska ne), mafi ƙaranci da aka yarda dashi 142, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da silinda kar ta wuce 14. Ka lura in kana wuri mai tudu irin Jos lambar zata ɗan yi ƙasa saboda iskar ba ta da kauri, don haka daidaiton silindodin huɗu ya fi lambar kanta muhimmanci.

In ɗaya ta yi ƙasa, zuba bakin mai kamar cokalin shayi a ramin ka sake gwadawa. Ta haura sosai, ringi ne suka cinye. Bata motsa ba, bawul ne ko gasket. In biyu maƙwabta ne suka faɗi tare kusan ko yaushe gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Tawa ta ba da 150, 148, 118, 150, na zuba mai ta ukun bata motsa ba, ashe bawul ɗin hayaƙi ne aka ɗaure shi tamau baya rufewa, abinda ya kai mu ga mataki na gaba kenan. In kuwa duka huɗun suna ƙasa da 120 kuma tana hayaƙi shuɗi tana shan bakin mai, tsaya anan, kar ka sayi kafireta kar ka sayi salansa, injin ringi yake so ko a yi masa ribo, wato a faɗaɗa silindodin, a sa fistin na gaba. Sa wa gajiyayyen inji kayan gudu kamar ɗaura wa jaki sirdin hawan sallah ne.

Saitin bawul, aikin minti arba'in da ba wanda ke yi

Injin 22R baya saita bawul ɗinsa da kansa, da hannu ake yi, da sikurudireba da sifana da filla geji, waɗannan siraran ƙarafan masu lamba. Ana yi inji na da zafi. Bawul ɗin shigar mai milimita 0.20, na fitar hayaƙi 0.30. A buɗe murfin sama, a juya fulin kuranki har alamar ta zo kan sifili silinda ta ɗaya tana sama kuma rokokinta biyu sun saki, a saita na shiga na 1 da 2, da na hayaƙi na 1 da 3, a juya inji zagaye ɗaya cif a gama sauran huɗun. Gejin ya riƙa shiga da ɗan ja kaɗan, ba ya zurma ba, ba kuma sai an tura da ƙarfi ba.

Matsalar ita ce da yawan makanikai da kunne suke yi, suna ɗaurewa har sai ƙarar "tik tik" ta ɓace saboda mai mota yana son inji shiru. Bawul ɗin da aka ɗaure baya zama daidai a kujerarsa, kwamfureshan na zurarewa, a hankali ya ƙone. Gara ka ji 'yar ƙara. Tawa da aka sassauta bawul ɗin silinda ta ukun ta dawo 142, Allah yasa bai riga ya ƙone ba.

Tunda murfin a buɗe yake, haska tocila ka leƙa wajen sarƙar taimin. Injinan 22R na baya-bayan nan sarƙa mai layi ɗaya ce da su, kuma abin da ke riƙe ta a gefe na roba ne, yana karyewa, sarƙar ta riƙa cin murfin gaba har ta huda shi ruwa ya gauraya da bakin mai. In kana jin "karrr" na daƙiƙa biyu in ka tayar da safe, ko ka ga layuka biyu sun yi sheƙi a jikin murfin ta ciki, canza sarƙar da tenshona, ka nemi gaid mai bayan ƙarfe. Sarƙar da ta miƙe ma tana jinkirta buɗewar bawul, ƙarfin tashi da lodi ya tafi.

Wuta da taimin

Fulogi sababbi na asali, NGK ko Denso, gibin bakinsu milimita 0.8, kuma ka auna da kanka kar ka ce ai daga kwali suke. Jabu sun cika kasuwa, in farashin ya yi daɗi da yawa ka ajiye. Tsofaffin kuma kar ka zubar sai ka karanta su: kalar ƙasa-ƙasa kamar biskit lafiya lau, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta wani wuri, baƙi mai maiƙo kuwa bakin mai ne ke hawa. Wayoyin fulogi ka duba su da daddare a duhu inji na aiki, in ka ga tartsatsi shuɗi na rawa a jikinsu sun gama. Jerin wutar 1-3-4-2 ne. Buɗe hular distiributa ka duba tsagewa da rota.

Taimin kuma, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, a nan ne na ga ana asarar doki mafi yawa a banza. Bakanike zai kwance noti ya juya distiributa yana sauraro, ya ce ya zauna. A'a. A nemo fitilar taimin, masu rewaya da yawa suna da ita. Mai injekta wato 22R-E digiri 5 ne, bayan an haɗa ramukan da ke da alamar T da E1 a 'yar soket ɗin gwaji da guntun waya, in ba a haɗa ba karatun ƙarya zaka samu. Mai kafireta kuma a cire tiyon iska na jikin distiributa a toshe sannan a saita bisa lambar da ke takardar da aka manna a ƙarƙashin bonet ko littafin motar.

Abu biyu da ake mantawa. Wannan ɗan gwangwanin da ke jikin distiributa mai tiyo, ka zuƙi tiyon da baki, farantin ciki ya kamata ya motsa kuma ya tsaya in ka toshe da harshe, in iska kawai kake zuƙa robar ciki ta fashe. Na biyu ka kama rota ka ɗan murɗa ta, ta tafi kaɗan ta dawo da kanta, in ta ƙage to ƙarafan da ke ƙara taimin in inji ya ɗau gudu sun yi tsatsa, motar zata yi silo lafiya amma a hanya kamar an riƙe ta ta baya. Wankewa da ɗigon mai kawai suke so.

Bayan komai ya zauna zaka iya ƙara taimin digiri 2, ka je hawa a giya huɗu ka take, in ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani ka mayar baya nan take, wannan ƙarar fistin take ci. Ni na koyi darasi, na saita a Jos da sanyin safiya tana tafiya kamar iska, na gangara Lafiya da zafin azahar da lodi ta fara wannan kukan. Jos ta haura mita 1,200 daga teku, kuma inji mara turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa duk hawan mita 300, iskar sama tana jure ƙarin taimin, ta ƙasa bata jurewa. Ka saita don wurin da ya fi zafi da ƙasa a hanyarka.

Kafireta, inda na samu rabin dawakina

Fara da abin dariya. Inji a kashe, cire tukunyar iyakilina, sa yaro ya take totur har ƙasa kai kana leƙa maƙogwaron. Farantin ya miƙe tsaye? A motoci da yawa baya kaiwa, kebul ya saki ko an ninka kafet a ƙarƙashin feda. Noti biyu ne a jikin kebul ɗin, minti biyar.

Kafiretan 22R na asali Aisan ne mai maƙogwaro biyu, na farko shi ke aiki a tafiyar yau da kullum, na biyun sai ka take sosai iska ta ja wata roba sannan ya buɗe. Da muka kwance tawa sai muka tarar wani a can baya ya ɗaure na biyun da wayar ƙarfe, wai don rage shan mai. Shekaru kenan motar na numfashi da hanci ɗaya! Ko ba a ɗaure ba robar tana tsagewa ya daina buɗewa, ka duba. Akwai kuma ɗan gilashi a gefen kafiretan da ake ganin mai ta ciki, man ya tsaya a tsakiya, in ya yi sama tana shaƙewa in ya yi ƙasa tana yunwa a hawa. Ka leƙa ka motsa totur da hannu, ya kamata ka ga mai ya yi tsartuwa, in babu to famfon totur ya mutu, shine motar ke yin "buuu" ta nutse kafin ta ɗauka.

A wanke da abin fesawa da iska, kar a bari wani ya zura waya ko allura a jet, wato ɗan ramin da mai ke bi, faɗaɗa ramin yake kuma baya dawowa. Duk ƙananan tiyoyin iska da suka bushe a canza, wanda aka cire a toshe bakinsa da kyau ba da tsinken ashana ba. Filtan mai sabo. In ka taɓa shan man bumburutu na galan, sauke tanki a wanke, abinda zaka gani a ciki zai baka mamaki.

Iyakilina kuma don Allah kar a cire, kar a huda. Da hunturu ƙurar nan kamar garin sanfefa take a cikin silinda. Ka sa sabo, ka riƙa kakkaɓewa, a busa iska daga ciki zuwa waje.

Abubuwan da ke riƙe mota ba inji ba

Nan zan yi sauri. Ɗaga kowace ƙafa da jak ka juya taya da hannu, in bata juyawa sakat birki na kamawa ko boris ya ɗaure. Iskar taya ka duba da safe. Kuloci: kana tafe a giya huɗu a hankali ka take totur, in inji ya yi ihu gudu bai ƙaru ba faranti ya cinye, ƙarfin yana ƙonewa a nan. Fankar inji tana da wani kuloci mai mai a ciki da ke sakinta in ba zafi, wasu suna yi masa walda ya zama kullum a kame, ƙara kamar jirgi kuma yana cin ƙarfi. Tamostat ɗin da kowa ke cirewa ya jefar, mayar da shi, injin da ke aiki da sanyi yana shan mai yana cin ringi, in tana obahitin lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa, can zaka nema. Sannan kejin ƙarfen da aka yi wa walda a baya da kangaroo na gaba da tsofaffin rim biyu da ke kwance a bodi tun bara, duk lodi ne da ba mai biyanka kuɗinsa.

Yanzu koma hawan nan ka sake aunawa. Ni a nan na hau Hawan Kibo da giya uku a inda da nake rarrafe da biyu, ban sayi komai ba sai fulogi da filta da gasket da 'yan tiyoyi. Da yawanku a nan ya kamata ku tsaya. Wanda bai ƙoshi ba, mu ci gaba.

Salansa

Cire tukunyar salansa baya ƙara komai sai ƙara da ciwon kai da harara daga maƙwabta. Amma tsohuwar tukunya da ta ruɓe ta ciki ta toshe tana shaƙe inji, haka bututun da dutse ya maƙe. Abinda ke aiki shine bututu mai faɗin inci 2 zuwa 2 da kwata tun daga gaba har baya, lanƙwasa kaɗan kuma mai laushi, da tukunya mai wucewa kai tsaye. Kar ka yarda a sa maka inci 3, inji mai lita 2.4 bashi da hayaƙin da zai cika shi, ƙarfin tashi da lodi zai ragu. In zaka samu heda, wato manifol na bututu huɗu da ke haɗewa biyu-biyu sannan su zama ɗaya, irin wannan ya fi dacewa da motar kaya. Masu walda a Panteka ta Kaduna da makamantansu zasu iya lanƙwasa maka, ka dage bututun su zo kusan tsawo ɗaya kuma farantin da ke kama inji ya zama mai kauri don kar ya banƙare. Ribar 'yan dawakai ce ba ashirin ba, kar wani ya cika maka baki.

Canza kafireta zuwa Weber

Sanannen canji a wannan injin shine Weber 32/36, maƙogwaro na farko milimita 32 na biyu 36, kuma na biyun da ƙarfe yake buɗewa ba da iska ba, kana take kashi biyu cikin uku na totur zai shigo. Yana bukatar farantin da zai zaunar dashi akan manifol, yana son matsin mai kaɗan wajen psi 3, sannan sai an zaɓa masa jet daidai da inda kake. Ra'ayina, in Aisan ɗinka na gyaruwa ka bar shi. Weber ya fi sauƙin saiti kuma totur na amsawa da wuri, amma kwaikwayonsa sun fi na asalin yawa, kuma ɗan ƙaramin filtan mai sheƙi da ke zuwa dashi ba na ƙurarmu bane, sai dai a yi dabara a haɗa shi da tukunyar iska ta asali.

Taya da difa, lissafin da ya fi komai tasiri

Ga inda 'yan gayu ke kashe motarsu da hannunsu. Mota ta zo da taya mai tsayin inci 28, ka sa mata 31 don ta yi kwarjini. Raba 31 da 28, ka samu 1.1 da ɗoriya, ma'ana ka yi asarar wajen kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin ja a kowace giya, kuma allurar gudu zata riƙa nuna 90 alhali kana kan 100, shi yasa na ce GPS. Giya biyar ta zama ado, ko iska mai ƙarfi ta buso sai ka sauko huɗu.

Magani biyu ne. Ko ka koma ƙaramar taya, wanda shine mai arha, ko ka canza haƙoran difa, wato giyar tsakiyar aksil da ke kai juyin furofela ga tayoyi. Hilux da 'yan uwanta sun zo da lambobi irin 4.10, 4.30, 4.56 da 4.88, babbar lamba ƙarfin ja, ƙaramar lamba gudu a miƙaƙƙiyar hanya. In kana da 4.10 ka sa inci 31, ninka 4.10 da 1.107 zai baka 4.54, kenan 4.56 ce zata mayar da kai inda kake. Don sanin taka, ɗaga ƙafar baya ɗaya, giya a firi, yi alama da alli a furofela, juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin furofelan, huɗu da ɗan kaɗan 4.10 ce, huɗu da rabi 4.56. In a kasuwa ne irin Ƙofar Ruwa ta Kano an sauke maka difa a ƙasa, ƙirga haƙora: 41 da 10 shine 4.10, 41 da 9 shine 4.56, 39 da 8 shine 4.88. Mai fowil dole gaba da baya su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa fowil a ƙasa mai tauri wani abu zai fashe.

Wani zai ce to ni gudu nake so, in sa ƙaramar lamba kenan? Inji mai doki ɗari a mota mai siffar akwati iska ce ke tsayar dashi ba giya ba, sau da yawa mai 4.56 zai riga mai 4.10 isa saboda shi yana iya riƙe giya biyar a hawa. In giyarka huɗu ce kuwa, sauya ta da mai biyar na tokumbo yana rage ihun inji da shan mai a doguwar tafiya.

Cikin inji, turbo, da canza inji gaba ɗaya

In dama za a buɗe inji, a kai top silinda wajen masu injin gyara a gurza kujerun bawul a duba ko ya banƙare. A share kaɗan kawai in dole, saboda a wannan injin duk abinda aka rage a top yana sakin sarƙa ya jinkirta taimin. Notocin top da sifana mai auna ƙarfi ake ɗaurewa bi da bi daga tsakiya zuwa waje, fam-ƙafa 58 a ma'aunin sifanar, ba da bututu a jikin sifana ana nishi ba. Kamshaf na ƙarin ƙarfi akwai, amma ka nemi mai sauƙi na jan kaya, na tsere sai inji ya yi sama sosai yake aiki kuma silo baya zama.

Turbo kuwa, Toyota da kansu sun yi 22R mai turbo a tsakiyar shekarun 1980, doki 135, amma sai da suka rage matsin silinda zuwa ninki 7.5 suka sa injekta. Naka yana wajen 9. Ka ɗaura turbo akan kafireta da tsofaffin fistin a zafin watan Afrilu, gasket zai fara tafiya fistin ya biyo baya. Kuɗin da zaka kashe a yi shi daidai ya kai na wani injin.

In da gaske kana son tsalle babba, injin Toyota 3RZ mai lita 2.7 da bawul 16 yana ba da doki 150 kuma yana shiga waɗannan motocin. Sai dai ka saye shi cikakke, da kwakwalwarsa da wayoyinsa da sensa da giyarsa in da hali, ka tanadi famfon mai na injekta da layin dawo da mai tanki, ka samu mai rewaya wanda ya taɓa yi ba wanda zai koya a motarka ba. Na ga wanda aka cire wa injekta aka ɗaura kafireta saboda wayoyin sun gagari mai aikin, ya biya kuɗin doki 150 ya tafi gida da abinda bai kai ba. Karɓi rasit mai lambar inji kuma ka gyara takardun mota, don kar a tsare ka a hanya ana tambayar inji na waye.

Masu dizal irin 2L da 3L da 5L, naku gajere ne: a gwada nozul, a kai famfo wajen masu kalibireshan, a canza bel ɗin taimin duk kilomita 100,000. Buɗe sukurun mai har ta riƙa turnuƙe titi da baƙin hayaƙi zafi kawai yake ƙarawa, top ɗin injinan nan kuma baya yafe zafi, tsagewa yake.

Birki kafin ka gwada gudun

Hawan Kibo da na sha wahalar hawa, gangararsa ce ke cin mutane. Motocin nan faranti ne a gaba ganga a baya, an yi su ne daidai ƙarfinsu na asali. Sa fad da shu masu kyau, a saita na baya, a zubar da tsohon man birki gaba ɗaya a sa sabo don yana shan danshi ya tafasa a doguwar gangara feda ta tafi ƙasa. Akwai wani bawul a saman aksil na baya mai dogon ƙarfe, shi ke ƙara wa birkin baya ƙarfi in an yi lodi, in ka ƙara ganyen sifirin ko ka ɗaga mota sai an sake saita shi, da yawa ma an cire an yar. Duba tayarod da boljoyin da shokoba. Taya ka sayi mai harafin C ta ɗaukar kaya, ka karanta lambobi huɗun ƙarshe na jikinta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, duk wadda ta haura shekara biyar zuwa shida ka bar musu ko da zanenta na nan raɗau. A gangara da lodi kuma giyar da ka hau da ita da ita zaka sauka, kar ka sake ka saka firi don tsimin mai.